Hoto Huɗu, Bango Fari

Shagona na nan Samaru, daura da ƙofar jami'a,
inda injin kwafi ke tari kamar tsohon mashayin taba.
Shekara goma sha tara ina yanka fuskokin mutane
daidai faɗin kwalin ashana.

Ran Talata ta shigo, rana na tsakiyar ka,
da jakar leda ruwan ɗorawa a hammata.
Ta ce sunanta Dudu, daga Garwa,
ta zo karatun haɗa magani.
Hausarta ta fi tawa gishiri,
sai dai in ta zo ƙirga kuɗi
harshen kan zame mata zuwa Faransanci.

Ta zazzage jakar a kan tebur:
fasfon da kwanansa ya fara ƙarewa,
takardar da ta ce jami'a ta karɓe ta,
wata kuma da ta ce jami'a ta tsaya mata,
rasit na kuɗin makaranta,
katin allurar shawara, rawaya kamar ciwon,
da takardar banki mai rantsuwa
cewa babanta ba zai bar ta da yunwa ba.
"Kowacce sau uku, Baba.
Sai hoto huɗu, bango fari."

Na ja labule. Ɗaga haɓa.
Ja mayafin baya kaɗan, goshi ya fito.
Ban da murmushi, hukuma ba ta son haƙori.
Sai dariya ta kufce mata.
Muka sake.

Muna jiran hoto ya fito take gaya mini
kakanta ɗan Ƙofar Gayan ne, baduku.
Ya fita da jaki biyu da ƙunshin jar fata,
ya bi Bauchi, ya bi Yola, ya haye Binuwai,
ba a tambaye shi komai ba sai sunan ubansa
da ko ya ci abinci.
Tsagen kuncinsa ne takardarsa.

"Jiya na nemi unguwar," in ji ta.
"Wata tsohuwa ta riƙe hannuna, ta ƙura wa goshina ido,
ta ce, ke jinin Jatau ce,
ta dama mini fura a ƙwaryar da ba a ba baƙo.
Yau da safe a ofis aka rubuta mini: baƙuwa.
Aka ƙirga mini kwanaki,
in ban kammala ba, in koma inda na fito."

Ban ce uffan ba.
Ba ni na ja layin ba, ban san wanda ya ja ba,
amma in za a faɗi gaskiya
da layin nan nake cin tuwo.
Duk hatimin da aka ƙirƙiro
wata ɗari biyu ce a aljihuna.

Da na jera takardun sai idona ya tsinto:
can sun rubuta Doudou, nan sun rubuta Dudu.
Na ce, 'yata, ke biyu ce yanzu.
Sai ɗaya ta tafi kotu
ta rantse ita ce ɗayar.
Jami'in ba mugu ba ne, shi ma ɗan wani ne,
jeri aka ba shi, jeri yake bi,
kuma harafi ba ya jin magiya.

Ta dafe kai. Ta duba agogo.
Ta ƙirga kuɗin motar Kwangila, da na Kaduna,
da na dawowa, in an ce a dawo gobe.

Na sa huɗun a ambulan, fuska a ɗaure,
ido tsaye kamar mai jiran hukunci.
Na biyar, wanda dariya ta ɓata,
ban sa shi a lissafi ba.
Na ce, waɗannan na hukuma ne,
wannan ki kai wa tsohuwar.

Ta fita tana kare jakar da mayafi,
don hadari ya haɗu ta wajen Kufena.
Wuta ta ɗauke.
Na tashi in ja janareto,
wani yaro ɗan Anjamena na tsaye a bakin ƙofa
da tasa jakar.